Albasa ba ta yi halin ruwa ba, halin dutse ta yi: Daga tsaunukan Asiya zuwa fadamun Kontagora

Daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara, ƙamshin albasa ba ya rabuwa da babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Jega da Koko da Yawuri. Manyan motoci ne ke bin juna, shaƙe da buhunan da aka loda a Aliero da Wurno da Goronyo. Su ratsa Kontagora, su gangara Mokwa, su haye gadar Jebba, sannan su nufi Ilori da Ibadan da kasuwar Mile 12 a Legas. Kontagora ba ta cikin garuruwan da suka yi suna da noman albasa, amma tana kan mashigar da kaso mai yawa na albasar Arewa maso Yamma ke bi kafin ya kai tukunyar Kudu.

An ga muhimmancin wannan hanya a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da dillalan abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Motoci suka yi cirko-cirko a Jebba, farashin kayan miya ya yi tashin gwauron zabo a Legas cikin 'yan kwanaki. Wannan matsala ta hanya ce, kuma an warware ta da zaman sulhu. Akwai wata da zaman sulhu ba ya maganinta, ita ce matsalar iri. Wanda ke son fahimtarta kuwa sai ya fara da sanin inda albasa ta fito, da dangin da ta baro a can.

Baƙuwar da ta zama 'yar gida

Sunanta ma ya nuna hanyar da ta biyo. Kalmar albasa daga Larabci take, Yarbawa na cewa alubosa, Ibo na cewa yabasi. An ambace ta a aya ta 61 ta Suratul Baƙara cikin abincin da Banu Isra'ila suka yi marmari, kuma an ga hotonta a zane-zanen kaburburan tsohuwar Masar. Sai dai Masar ma zango ce kawai. Masana tsirrai sun haɗu a kan cewa asalin albasa shi ne tsaunukan tsakiyar Asiya, yankin da a yau ya ƙunshi Iran da Afganistan da Turkmenistan da Uzbekistan da Tajikistan da Kirgistan.

Albasar da ake ci, wadda masana ke kira Allium cepa, ba a san inda take tsirowa da kanta a daji ba a duk faɗin duniya. Ta daɗe a hannun ɗan Adam har ta zama ba ta rayuwa sai da manomi. Danginta na jini, waɗanda suka haura nau'i 900 idan aka haɗa da tafarnuwa, su ne suka rage a daji, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu duwatsu da sanyi. Wadda ake ganin ta fi kusa da ita, Allium vavilovii, tana tsirowa a tsaunukan Kopet Dag da ke kan iyakar Turkmenistan da Iran. An raɗa mata sunan Nikolai Vavilov, masanin nan ɗan Rasha da ya karaɗe tsaunukan Pamir da Afganistan yana tattara iri don ceton mutane daga yunwa, amma shi kansa ya rasu a kurkukun Saratov a 1943 cikin yunwa. A nahiyar Afirka, in ban da ƙasashen arewa masu bakin Bahar Rum, ba a samun irin wannan dangi a daji sai a tuddan Habasha da maƙwabtanta da kuma Afirka ta Kudu. Yammacin Afirka ba shi da ko ɗaya.

Hausawa kan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, idan ɗa ya saɓa wa halin iyayensa. Gaskiyar magana ita ce halin dutse ta yi. A mahaifarta, dusar ƙanƙara kan rufe ƙasa watanni, ta narke na ɗan lokaci, sannan rani mai tsanani ya biyo baya. Tsiron da zai rayu a irin wannan wuri dole ya yi sauri ya fitar da ganye, ya tara abinci da ruwa a gindinsa, ya lulluɓe da busasshen ɓawo, ya kwanta barci har yanayi ya gyaru. Wannan rumbu na ƙarƙashin ƙasa shi ne kan albasar da ake yankawa a miya. Yajin da ke sa hawaye kuma makami ne da ta tanada don korar ƙwari da dabbobin da za su tone ta.

Wannan gado ne ya sa albasa ta fi yin kyau a noman rani, lokacin da dare ke da sanyi, iska kuma a bushe. Shi ne kuma ya sa samun irinta ke cin shekara biyu. A shekarar farko ta yi kai, a adana shi, a sake binne shi da hunturu, sanyi ya taɓa shi, sannan ya fitar da dogon kara mai dunƙulen fararen furanni a samansa, wanda ƙudan zuma da sauran ƙudaje ke yi wa barbara. Sanyin hunturun ƙasar Hausa shi ke tsaya mata a matsayin sanyin tsaunukan kakanninta.

Dangin da suka tafi lambun ado

Yayin da wannan 'yar ta shiga kicin, wasu 'yan uwanta fadar masu kuɗi suka nufa. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, lokacin da daular Rasha ke mamaye tsakiyar Asiya, matafiya sun riƙa aika tsirrai zuwa lambun binciken tsirrai na birnin St. Petersburg, inda shugabansa Eduard Regel ya bayyana nau'o'i da dama ya ba su suna. Daga cikinsu akwai Allium giganteum, mai kara da kan kai mita ɗaya da rabi, da dunƙulen fure ruwan shunayya da ya fi lemun zaƙi girma. Akwai kuma Allium karataviense, gajera mai faffaɗan ganye, wadda ta ɗauki sunan tsaunukan Karatau na Kazakistan. Daga baya manoman furanni na Holan suka karɓe su, suka yawaita su, har suka zama hajar da ake sayarwa a Turai da Amurka duk kaka.

Mutanen tsaunukan kuwa ba ado suka ɗauke su ba. A Iran ana tono wata da suke kira musir, a yanka a shanya, a haɗa da kindirmo. A Tajikistan da Uzbekistan ana jiƙa wadda suke kira anzur a cire mata ɗaci kafin a ci. A arewacin Nepal, a tuddan da suka haura mita 3,000, ana tsinko ganyen wata a busar, a kira shi jimbu, a soya a mai a zuba a miyar wake. Uwargidan da ta san lawashi, ta kuma san yadda ake daka ganyen albasa a dunƙula a shanya ya zama gabu, ba za ta ga baƙon abu a nan ba.

Wannan farin jini yana da tsada. Wanda ya tone kan albasar daji ya kashe tsiron gaba ɗaya, kuma wasu nau'o'in kan ɗauki shekaru kafin su yi fure daga ƙwayar iri. Idan aka haɗa da yawan kiwo, sai su ƙare a wurin da a da suka yi yawa. Allium pskemense, wata ta kusa da albasar gida da ke yammacin tsaunukan Tian Shan, tana cikin jerin tsirran da ƙasashen yankin suka sa wa dokar kariya saboda ƙarancinta.

Abin da ciyawar Himalaya ta yi wa manoma

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa manomin Kebbi da furen da ke ƙarewa a wani tsauni mai nisan dubban kilomita. Amsar tana cikin labarin Allium roylei, wata siririyar albasar daji da ke yammacin Himalaya, wadda ba ta da wani kai na a zo a gani. Masu bincike a Wageningen ta ƙasar Holan sun gano cewa ba ta kamuwa da wata cutar funfuna da ke lulluɓe ganyen albasa da toka-toka, ta kassara gona a lokacin laima. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 aka shiga yi mata barbara da albasar gida, ana zaɓe ana maimaitawa, har kimanin shekara 20 kafin a fitar da irin da ya gaji wannan juriya ya kuma ci gaba da yin kai mai kyau. Manoman da suka samu wannan iri sun rage feshin magani. Da an bar awaki da masu tono sun ƙarar da ciyawar nan kafin a gwada ta, da babu wanda zai san abin da aka rasa.

Gonakin Najeriya na da nasu cututtukan. Akwai mai yi wa ganye tabo ruwan shunayya har ya bushe, akwai ƙananan ƙwarin da ke tsotse ganye ya yi fari-fari, akwai kuma cutar da ke murɗe ganye da wuyan albasa, wadda a kusa da Zariya aka fara ba da rahotonta a 1969. Maganin dindindin na irin waɗannan shi ne iri mai juriya, shi kuma ba ya samuwa sai daga wurare biyu: dangin daji, da tsofaffin irin da manoma suka daɗe suna zaɓe da hannunsu.

Darasin Galmi da na Gungawa

Wuri na biyun nan shi ne arzikin da ke hannun Hausawa. Albasa tsiro ce mai lura da tsawon yini. Irin da aka saba da shi a arewacin Turai ba ya yin kai sai hasken rana ya kai awa 14 zuwa 16. A Kontagora, da ke kusan digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, yini ba ya kai wa haka ko da wane wata ne. Manomin da aka sayar wa irin da bai dace ba zai yi reno, ya yi dashe a fangali, ya sayi taki da man injin ban-ruwa, ya ga ganye ya yi kore shar, amma ranar cira ya tarar da lawashi zalla. Ba a gane wannan a ido lokacin saye, domin ƙwayar iri baƙa ce ƙarama, kowacce kamar 'yar uwarta. Tsakanin ƙarshen 2024 da farkon 2025, ƙungiyar manoma da masu sarrafawa da dillalan albasa ta ƙasa ta sanya gurɓataccen iri cikin dalilan da suka jawo asara da tsadar albasa, tare da ambaliya da tsadar kayan noma.

Irin da ke yin kai a gajeren yini, ya jure zafi, ya kuma daɗe a rudu bai ruɓe ba, aikin ɗaruruwan shekaru ne na manoman wannan yanki. Mafi shahara shi ne jar albasar Galmi, garin da ke jihar Tawa tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, wadda ta sa Nijar ta zama kan gaba wajen fitar da albasa a Yammacin Afirka. A shekarun 2000 wani kamfanin iri na Senegal ya nemi hukumar kare haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka, OAPI, ta yi masa rajistar mallakar iri da sunan Galmi. Manoma da gwamnatin Nijar suka tashi tsaye, kamfanin ya janye daga sunan, daga bisani kuma aka yi wa albasar Galmi rajista a matsayin hajar da ke da alaƙa da yankinta.

Kusa da Kontagora akwai darasi na biyu. Gungawa, mazauna tsibiran kogin Neja a ƙasar Yawuri, sun yi suna da noman albasar rani tun kafin zuwan injin ban-ruwa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin ya haɗiye tsibirai da gaɓar da suke nomawa, aka sake wa mutane sama da 40,000 matsuguni. Ƙasa ta samu lantarki, amma manoman da suka fi kowa sanin albasa a wannan yanki sun rabu da ƙasar da suka saba da ita. Irin albasa kuwa ba kamar gero ba ne da zai yi shekaru a rumbu. A zafin ƙasar nan, bayan shekara ɗaya ko biyu ƙarfin tsirarsa ya tafi. Duk irin da aka daina shukawa na 'yan shekaru, saboda ƙaura ko ambaliya ko tashin hankali, ya tafi ke nan. A yau da hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka a ƙananan hukumomin Mariga da Magama da Rijau da Mashegu, wannan magana ta shafi kowane irin gado da ke hannun manoman masarautar Kontagora.

Albasar kwaɗi da albasar kura

Albasar ado ta tsaunukan Asiya ba za ta yi fure a Abuja ba, domin tana bukatar makonni na sanyin da ya kusa daskarar da ruwa. Amma dajin Neja na da nasa furannin masu kai a ƙasa, kuma Bahaushe ya daɗe da lura da kamarsu da albasa, ya raɗa musu suna da ita.

Albasar kwaɗi, daga dangin da masana ke kira Crinum, takan fito a fadamu da bakin rafuka da saukar ruwan farko. Tana da dogayen ganye, da kara mai kauri da ke ɗauke da manyan furanni farare masu jan layi a tsakiyar kowane kunne. Daga wannan dangi ne gadali ya fito, wanda masu maganin gargajiya suka sani sarai. A rabe-raben zamani, ita da albasar gida babban gida ɗaya suka fito, ko da yake nisan da ke tsakaninsu ya wuce a yi musu barbara. Albasar kura kuwa, daga dangin Drimia, takan tura dogon kara mai ƙananan furanni tun kafin ganyenta ya fito, sau da yawa a ƙarshen rani bayan an ƙone daji. Sunayen nan gargaɗi ne: abin da aka jingina wa kwaɗo da kura ba na tukunya ba ne. Duka biyun suna da dafi, kuma na albasar kura yana taɓa bugun zuciya, yana iya kashe dabba. Sai dai dafi da magani 'yan gida ɗaya ne. Daga wasu furannin Turai na gidan su albasar kwaɗi aka samo sinadarin galantamin da ake bai wa masu cutar mantuwa ta tsufa.

Kontagora na da matsayi a tarihin sanin waɗannan tsirrai. Garin da Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a 1864 ya faɗa hannun Turawa a 1901. 'Yan shekaru bayan haka wani likita ɗan Scotland, John McEwen Dalziel, ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya tattara tsirrai a Kontagora da Zungeru da Sakkwato da Katagum, ya aika da su lambun Kew a Landan, inda suke ajiye har yau. A 1916 ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da littafinsa kan tsirrai masu amfani na Yammacin Afirka. Ilimin da ke ciki na mafarauta ne da makiyaya da masu magani da ya tambaya. Fiye da shekara 100 bayan nan, mai binciken da ke son sanin abin da ke tsirowa a dajin Kontagora yakan koma ga abin da wannan likita ya tattara, alhali dajin ya sauya. Noma ya faɗaɗa, ana sare itace don gawayi, maganin feshi na kashe ciyawa ya shiga kowace kasuwar ƙauye, fadamu kuma sun zama gonakin shinkafa. Sashen Zugurma na gandun dajin Kainji, wanda ya kamata ya zama mafaka ga irin waɗannan tsirrai, shi ma rashin tsaro ya taɓa shi.

Abin da ke kan teburin Abuja

Najeriya ba ta rasa hukumomi ba. Akwai cibiyar adana albarkatun iri ta ƙasa, NACGRAB, da aka kafa a Ibadan a 1987. Akwai cibiyar binciken kayan lambu, NIHORT, ita ma a Ibadan tun 1975. Akwai hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa, NASC, wadda dokar 2019 ta ƙara wa ƙarfi, sannan a 2021 aka sanya hannu kan dokar kare haƙƙin masu ƙirƙiro sabon iri. Akwai cibiyar binciken noma ta Samaru, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi da ke Aliero, a tsakiyar gonakin albasa. Abin da ya rage shi ne ayyuka ƙanana masu bukatar naci, irin waɗanda ba a yi musu bikin buɗewa.

Na farko shi ne tattara irin albasar manoma daga Aliero da Yawuri da kwarin Rima da sauran wurare, a rubuta sunan da masu shi ke kiransa da shi, da garin da ya fito, da halinsa. Dokar 2021 tana kare wanda ya zo da sabon iri, kuma hanyar tabbatar da cewa iri ba sabo ba ne ita ce a nuna shi a rubuce tun da farko. Na biyu shi ne kuɗin kula da abin da aka tattara. Rumbun iri na bukatar sanyi da bushewa ba yankewa, da sake shuka abin da aka ajiye lokaci zuwa lokaci, a keɓe kowane iri don kada ƙudan zuma su gauraya su. Kasafin da ya sayi firji bai tanadi lantarki da ma'aikata ba, ya sayi akwatin gawa ne kawai. Na uku shi ne sa ido a kasuwannin iri kafin lokacin reno, ba bayan manoma sun yi asara ba.

Na huɗu aikin diflomasiyya ne. Yarjejeniyar duniya ta 2001 kan irin abinci ta ƙunshi jerin amfanin gona da ƙasashe ke musayar irinsu cikin sauƙi, kamar shinkafa da masara da dawa da wake, amma albasa ba ta cikin jerin. Ma'ana, mai binciken Najeriya da ke son dangin albasa na daji sai ya bi ta yarjejeniya da ƙasa ko cibiyar da ke riƙe da su, aikin da ke bukatar sa hannun ma'aikatun noma da muhalli da harkokin waje.

Na biyar shi ne mafi sauƙi. Lambunan ma'aikatu da shataletalen Abuja cike suke da furannin da aka kawo daga wasu nahiyoyi. Albasar kwaɗi ba ta bukatar ban-ruwa da rani, domin barci take yi, kuma ana iya yawaita ta daga 'ya'yan da ke fitowa a gindinta ba tare da an yashe fadama ba. Makarantun gaba da sakandare da ke Kontagora da Minna na iya kafa ƙananan lambunan reno, ɗalibai su koyi sunayen tsirran ƙasarsu daga bakin tsofaffin da suka rage.

Dukkan waɗannan suna da lokaci. Irin albasa yana nuna ne a ƙarshen rani, kuma cikin 'yan watanni manomi ya shuka shi ko ya sayar. Albasar kwaɗi kuma makonni kaɗan take yi da fure a farkon damina, daga nan ta saje da ciyawa. Takardar amincewa da ta fito daga ofis a watan Agusta ta makara da shekara guda, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.